Sankarar Yara: Magani Ya Ci Gaba, Saura Mu Kai Yaron da Wuri



Abin yakan faro ne kamar wasa. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya wayi gari da ɗan kumburi a muƙamuƙi. Uwa ta ce haƙori ne, kaka ta ce hangum ne, a aika kemis a sayo maganin kashe zafi. Kafin mako ya zagayo kumburin ya ninka, haƙora sun fara girgiɗi, sai a kira wanzami ya yi tsaga ko sakiya. Daga nan a shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce kambun baka. Idan kuma wani ya duba ya ce ai wannan daji ne, sai a ƙara nesanta yaron da asibiti, domin an daɗe ana gaya mana cewa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Ranar da za a ɗauko shi daga Baure ko Zango ko Sandamu ko Mai'adua zuwa Daura, daga can a tura shi Katsina ko Kano, an riga an ci wata biyu ko uku, awakin gidan sun ƙare, yaron kuwa ko kunu ba ya iya haɗiyewa. Wanda duk ya zauna a ƙasar Daura ya ga irin wannan, ko ya ji labarinsa a wurin ta'aziyya.

Wannan jinkiri shi ne abin da muke son gidajen Musulmi su tsaya su duba, domin a yau asararsa ta fi ta kowane zamani girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000, daga jarirai zuwa 'yan shekara 19, ke kamuwa da sankara kowace shekara. A ƙasashe masu wadata fiye da 80 cikin 100 na waɗannan yara suna warkewa. A ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi waɗanda ke warkewa ba su kai 30 cikin 100 ba. Cutar ɗaya ce, jikin yaron ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne zuwa asibiti a makare, da kuskuren gane cutar, da rashin magani, da yanke jinya a tsakiya saboda kuɗi sun ƙare. Wannan giɓi ne ya sa hukumar ta ƙaddamar da shiri a 2018, da burin a kai aƙalla 60 cikin 100 a duniya baki ɗaya kafin 2030.

Sankara, ko ciwon daji kamar yadda aka fi kiranta, tana faruwa ne idan wasu ƙwayoyin halittar jiki suka sami matsala a tsarin da ke gaya musu lokacin da za su hayayyafa da lokacin da za su tsaya, sai su yi ta yaɗuwa ba linzami. Shekaru da yawa makaman likitoci uku ne: tiyata, da gashi da na'ura, da magungunan kemoterafi da ake sha ko a sa a ruwa. Kemoterafi yana kashe duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, mai cuta da mai lafiya, shi ya sa gashin kai ke zubewa, baki ya yi gyambo, jini ya yi ƙasa. Manomin gero ya san bambancin da ke tsakanin feshin da ke ƙona ciyawa har ya taɓa shuka, da hannun da ya san ƙuduji ya bi kunya-kunya yana tumɓuke shi shi kaɗai. Sababbin magungunan da ake magana a kansu a yau irin wannan hannu ne. An ƙera su ne domin su nemi wata alama da ƙwayar sankara ke ɗauke da ita, su kama ta a nan.

Ɗaya daga cikin na farko da suka buɗe wannan ƙofa sosai shi ne imatinib. Tun a 1960 wasu masu bincike biyu a birnin Filadelfiya na Amurka suka lura da wata tawaya a ƙwayoyin halittar masu wani nau'in sankarar jini. Daga baya aka gano cewa tawayar tana haifar da wani sinadari da ke umartar ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa dare da rana. Imatinib, wanda aka amince da shi a 2001, ƙwaya ce da ake haɗiya, aikinta ta toshe wannan sinadari. Yaran da ke da wannan tawaya kaɗan ne cikin masu sankarar jini, amma a da suna cikin waɗanda cutar ta fi wahalar da su. Da aka haɗa musu imatinib da kemoterafi, wani bincike da aka wallafa a 2009 ya nuna kimanin 80 cikin 100 sun kai shekara uku cutar ba ta dawo ba, alhali a baya adadin bai wuce kimanin 35 ba. Maganin ba baƙo ba ne a Nijeriya: tun daga 2003 ake raba shi kyauta ƙarƙashin wani shirin agaji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, inda marasa lafiya daga Arewa ma suka riƙa yin doguwar tafiya domin karɓa.

Rukuni na biyu ya fi kusa da yaron da muka fara da shi. Kumburin muƙamuƙi ko na ciki mai saurin girma sau da yawa shi ne sankarar Burkitt, wadda ta ci sunan likitan da ya yi bayaninta a Yuganda a 1958. Ta fi yawa a yankunan Afirka da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma tana cikin mafi saurin girma a duk sankarorin da aka sani, domin tana iya ninkawa cikin yini ɗaya ko biyu. Ƙwayoyinta suna ɗauke da wata alama a bayansu da likitoci ke kira CD20. Rituksimab, wanda aka fara amfani da shi a 1997, sinadarin garkuwa ne da aka sarrafa a ɗakin gwaji. Yakan manne wa wannan alama, garkuwar jikin yaron ta gane abokin gaba ta far masa. Wani babban bincike na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 2020, a kan yaran da cutar ta yi wa tsanani, ya nuna kimanin 94 cikin 100 na waɗanda aka ƙara wa rituksimab sun kai shekara uku lafiya, a kan kimanin 82 na waɗanda aka ba kemoterafi kaɗai.

Akwai kuma waɗanda ke ɗaukar sojojin garkuwar jiki su kai su har bakin daga. Bilinatumomab yana da hannu biyu: ɗaya ya riƙe ƙwayar sankarar jini, ɗaya ya jawo ƙwayar garkuwa ya haɗa su. Binciken da aka wallafa a ƙarshen 2024 ya nuna ƙara shi ya ɗaga adadin yaran da suka kai shekara uku ba cuta daga kimanin 88 zuwa 96 cikin 100. Sai dabarar da ake kira CAR-T, inda ake ɗibar ƙwayoyin garkuwar yaron, a horar da su a ɗakin gwaji, a mayar masa da su. An amince da ita a Amurka a 2017, a kan farashin dala 475,000 ga mutum ɗaya. Indiya ta amince da irin nata a 2023, a kan kuɗin da ya yi ƙasa da wannan nesa ba kusa ba.

Musulmin da ya karanta wannan zai tuna da hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da su. Ma'anar da ke cikinsa ita ce kowace cuta Allah Ya sanya mata maganinta, kuma waraka tana zuwa da izininSa a lokacin da maganin ya dace da ita. A wata ruwayar ta Imamu Ahmad an nuna cewa mutane sun bambanta a sanin wannan magani, wasu sun kai gare shi, wasu bai bayyana gare su ba. Malamai sun fahimci abu biyu daga nan: ƙarfafa zuciyar majiyyaci, da zaburar da masu ilimi su ci gaba da nema. Mu kuma muna ganin na uku, wanda shi ne jigon wannan rubutu. An rataya waraka ga dacewar magani da cuta, kuma babu yadda za a yi magani ya dace da cutar da ba a san ko wace ce ba.

Sababbin magungunan nan sun ƙara fito da wannan sharaɗi fili. Imatinib ba ya yi wa mafi yawan yaran da ba su da waccan tawaya komai. Rituksimab ba shi da abin kamawa a ƙwayar da ba ta da CD20. Saboda haka kafin a zaɓi magani dole a gwada jini, a ɗebi ɗan ɓargo, ko a yanki ɗan nama daga kumburin a kai ɗakin gwaji. A nan ne iyaye da yawa kan ja da baya, saboda imanin nan na cewa ƙarfe na harzuƙa daji. Asalin wannan zance ba ɓoyayye ba ne: mutane sun ga an kai yaro asibiti bayan cuta ta gama cin jikinsa, an taɓa shi, ya rasu, sai suka ɗora wa allura laifin da na jinkiri ne. Gwajin nan shi ne ƙofar magani. Haka kuma a guji ba yaro mai kumburi ko mai yawan zazzaɓi irin su deksametazon da firednisolon daga kemis ba da umarnin likita ba. Sukan sa kumburin ya sace na ɗan lokaci har a ɗauka an samu sauƙi, alhali sun rufe wa mai gwaji ido ne kawai, cutar kuma ta dawo da ƙarfinta.

Alamomin da ya kamata kowace uwa ta riƙe ba su da yawa. Kumburi a muƙamuƙi, wuya, ido ko ciki wanda ke ƙaruwa, musamman idan ba ya ciwo. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya aka maimaita ya ƙi. Ɗashewar jiki da kasala, da haɓo ko jini daga dasashi. Ciwon ƙashi ko ɗingishi ga yaron da gwaji ya nuna ba shi da sikila. Farin abu mai ƙyalli a tsakiyar baƙin ido, kamar idon kyanwa da dare, ko sabon harara-garke. Ciwon kai da amai da sassafe, kwana da kwanaki. Yawancin yaran da ke da ɗaya daga cikin waɗannan za a tarar wata cutar ce mai sauƙi. Amma hukuncin na likita ne, kuma idan mako biyu ya wuce ba sauƙi, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti. Idan kumburin na girma ido na gani, ko kwana uku kada a jira.

Wajibi ne mu faɗi ɗaya gefen, domin kada a sayar wa mutane fata. Waɗannan magunguna ƙari ne a kan tsofaffin, ba su maye gurbinsu ba. Har yau mafi yawan yaran da ke warkewa a duniya da kemoterafi da tiyata da gashi suke warkewa, kuma yawancin magungunan kemoterafi na yara tsofaffi ne masu sauƙin kuɗi. Sababbin ma suna da nasu haɗari. Rituksimab yana raunana garkuwar jiki na tsawon watanni, kuma yana iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ke kwance, shi ya sa ake gwaji kafin a fara. CAR-T na iya jawo zazzaɓi mai tsanani da faɗuwar hawan jini har sai an kwantar da yaro a sashen kulawa ta musamman. Da yawansu kuma sai an adana su cikin sanyi tun daga masana'anta har jikin majiyyaci. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi game da jabun magungunan sankara a kasuwa. Duk wanda ya tallata muku irin wannan magani a waya ko a kanti ba takardar likita, ku guje shi.

Saura shubuhohin da kan tsaya wa mai addini a zuciya. Ta farko ita ce tawakkali. Neman magani ba ya warware shi. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma bayyana wa sahabbai cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Akwai kuma abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da Ummu Ƙais 'yar Mihsan, wadda ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ɗanta bayan ta danne masa maƙogwaro da yatsa kamar yadda matan lokacin suka saba yi wa wani ciwon wuya. Ya hana wannan al'ada mai azabtar da yara, ya nuna mata maganin da ya fi. Darasin a bayyane yake: daɗewar al'ada ba hujja ba ce idan an sami abin da ya fi ta amfani da sauƙi ga yaro. Magabatanmu na wannan ƙasa ma haka suka fahimta, domin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun yi rubuce-rubuce a kan lafiyar jiki da magunguna. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a da sadaka suna nan da matsayinsu. A yi su a gefen gadon asibiti.

Ta biyu ita ce halacci. Ana sarrafa irin su rituksimab ne ta hanyar renon ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, waɗanda asalinsu daga wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera aka samo, sannan a tace sinadarin a tsarkake shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da ƙa'idoji biyu da suka shafi wannan: cewa abin da ya rikiɗe gaba ɗaya ya zama wani abu daban hukuncinsa ya canza, da cewa larura tana halatta abin da aka hana gwargwadon buƙata. A kan ƙa'idar rikiɗewa ne taron malamai da likitoci da Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci ta shirya a Kuwait a 1995 ya gina matsayarsa game da sinadaran magunguna. Tsare rai kuwa yana cikin manyan manufofi biyar na shari'a da Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya, ya yi dogon bayani a kansu. Mai shakka ya tambayi malamin da zai saurari likita kafin ya ba da fatawa.

Ta uku ita ce amana, kuma ba za mu raina ta ba. Mutanen Arewa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo na cikin abin da ya ciyar da ƙin rigakafin shan inna a 2003, kuma yaranmu ne suka biya kuɗin wannan ƙin da ƙafafunsu. Maganin rashin yarda shi ne tambaya. Haƙƙin uba da uwa ne a gaya musu da Hausa sunan cutar ɗansu, da sunan maganin, da illarsa, da tsawon jinyar, da kuɗinta, da kuma ko maganin tabbatacce ne ko na gwaji. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Daga nan sai batun kuɗi, wanda shi ne ke karya yawancin gidaje. An samu ci gaba: a watan Yulin 2025 aka ƙaddamar da cibiyar kula da masu sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Daura, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Amma gini ba ya biyan kuɗin mota. Jinyar sankarar Burkitt takan ɗauki watanni, ta sankarar jini takan kai shekara biyu ko fiye. Uba ya bar gona ko kasuwa, uwa ta bar sauran yara, ga kuɗin gwaji, ga jini, ga abinci, ga wurin kwana. Da kumburin ya sace bayan zagaye na farko ko na biyu sai a tattara a koma gida, cutar kuwa idan ta dawo ta fi wuyar magani. Asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya ya faro ne da cututtukan manya uku: na mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Yara na buƙatar kaso nasu bayyananne, kuma muna kira ga wakilan wannan yanki a majalisu su nema musu.

Sai dai al'ummar Musulmi ba ta taɓa jiran hukuma kaɗai a wannan fage ba. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar wakafi ya riƙa jinyar mutane kyauta. A wannan birni dai aka buɗe asibitin sankarar yara da ake kira 57357 a 2007, da gudummawar jama'a, kuma ba ya karɓar kuɗi daga iyaye. Asibitin Shaukat Khanum da aka buɗe a Lahore ta Pakistan a 1994 da zakka da sadaka yake ɗaukar nauyin marasa ƙarfi. Ba mu ce Daura ta gina irin waɗannan gobe ba. Abin da ke hannunmu ƙarami ne, amma shi ne ke raba rai da mutuwa: asusun da zai biya kuɗin mota da na gwajin farko, gidan sauƙar masu jinya kusa da asibiti a Katsina da Kano, da tallafin abinci ga gidan da mai nemansa ke zaman jinya. Iyalin da jinya ta talauta ko ta jefa cikin bashi suna cikin waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba haƙƙin zakka. Gida da mota da firijin magani kuwa aikin wakafi ne da sadaka mai gudana. Muna kira ga Hukumar Zakka da Wakafi ta Jihar Katsina, da attajiran ƙasar Daura, da fataken dabbobi na kasuwar Mai'adua, su buɗe wannan babi da lissafi a fili, wanda kowa zai iya dubawa.

Masarautar Daura tana da abin da babu asibitin da ke da shi: sarƙar hakimai da dagatai da masu unguwanni da ta isa kowane ƙauye. Wannan sarƙa ta sarakunan Arewa ta taimaka ƙwarai har aka ayyana Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020. Muna roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ya sa ta yi wannan aikin ma, ta yadda mai unguwa zai san yaron da ke kwance da kumburi a unguwarsa, ya kuma san inda za a kai shi. Wanzamai da masu maganin gargajiya su ne kan fara ganin yaran nan. A zauna da su cikin mutunci a nuna musu kumburin da ba a tsagawa. Limamai su ba wannan batu huɗuba guda, ko da a kusa da 15 ga Fabrairu, ranar sankarar yara ta duniya. Malaman Islamiyya na matan aure su karantar da alamomin nan, domin uwa ce kan fara gani.

Ɗalibai kuma, Imamu Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan da idan al'umma ta rasa mai yin su duka ta yi laifi. Ƙasar nan tana ƙishirwar masu gwajin nama da jini, da likitocin sankarar yara, da ma'aikatan jinya da masu haɗa magani da suka ƙware a wannan fanni. Wanda Allah Ya ba basira ya nufi can da niyyar ibada. Wanda bai kai nan ba yana da jini a jikinsa, kuma yaron da ke karɓar kemoterafi yakan buƙaci ƙarin jini sau da yawa.

Akwai yaran da za a yi musu komai a kan lokaci amma wa'adi ya cika. Iyayensu ba su da laifi, kuma haƙƙin yaron ne a rage masa zafi har ƙarshe. Annabin rahama da kansa ya rungumi ɗansa Ibrahim yana cikawa, idanunsa suna zubar da hawaye, bai furta sai abin da Ubangijinsa Ya yarda da shi ba. Haƙuri a kan ƙaddara ibada ne. Amma yaro amana ne, ba ya iya kai kansa asibiti, kuma za a tambaye mu makonnin da muka bari suka wuce. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya juriya da lada, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.